Gwangwanin Yis da Kifin Tafkin Sorrel

Kafin in gaishe ku, ga kacici-kacici. Ku riƙe shi a baki kamar alewa, kada wanda ya tauna sai na gama. Mene ne abin da ba shi da ƙugiya, ba shi da raga, bai taɓa hawa kwalekwale ba, shekara arba'in da ɗaya yana kwance wuri guda, ya haifi 'ya'ya ashirin da uku duk halinsa suka ɗauko, amma a sanyi ɗaya ya kashe kifin da duk masuntan zauren nan ba su kama ba tun suna yara? Verna ƙawata, rufe bakinki, ke kin sani.

Shugabar wannan taro, Darlene Kivela, wadda na sani tun tana yawo ba wando a bakin ruwa, yau kuma ga ta da gudumar shugabanci a hannu. 'Yan majalisar gari, ku huɗun da ke gefenta. Fasto, da ka ba mu aron wannan zaure. Jami'ar gwajin ruwa, yarinyar kirki Pakou Vang. Dattawa maza da mata. Masunta na gaske da masunta na baki. 'Yan'uwana matan suyar kifin Juma'a. Sai kuma Orval Sundby da maiɗakinsa Lorna, da suka zauna can baya kusa da ƙofa: ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, ina yi muku barka da wannan rana.

Ga waɗanda suka tare garin nan kwanan nan, ni ce Arlys Maki, matar marigayi Reino, mai gidan nan shuɗi na bakin tafki. Shekarata saba'in da tara, karatuna aji takwas ya tsaya, bakina kuwa har yau bai tsaya ba. Na gode da aka ba ni minti biyar. Darlene, ajiye agogon nan, ni na koya miki karanta shi.

Kun san abin da ya tara mu. Yau za a kaɗa ƙuri'a a kan takardar koken da ke neman a karɓe wa Orval izinin kiwon shanunsa a bakin rafin da ke zuba cikin tafki, wai kashinsu ne ya kashe mana kifi. In aka amince, shanu sittin za su tafi kasuwa, gonar da kakansa ya sare kuma ta mutu. Sunaye ɗari da goma sha huɗu ne a takardar. Na farko nawa ne. Ni na zagaya da ita gida-gida, da kek a hannu ɗaya, alƙalami a ɗayan, kuma na san wasunku don kek ɗin kuka sa hannu. Yau ban zo da kek ba. Da wannan gwangwanin na zo, da magana uku.

Maganar farko, abin da duk muka gani. Kun tuna watan Fabrairu, lokacin da ƙanƙara ta rufe tafki, mazanmu suka kafa bukkokinsu a kai suka huda ramuka don kamun kifi? Kifi ya riƙa tahowa bakin rami da kansa, yana cunkoso, yana buɗe baki. Har da hannu aka kama. Mijin Verna ya shigo mana da bokiti biyu yana cewa, “Ku kawo kasko, bana kifi ya gane ubangidansa!” Na ce masa, “Kai da ka shekara talatin kana kamo mura kaɗai?” Muka yi dariya, muka soya, muka ci, muka ce albarka ce.

Ba albarka ba ce, jama'a. Numfashi suke nema. Mun ga halitta tana shaƙewa a gabanmu, muka barbaɗa mata gishiri.

Da ƙanƙara ta narke a Afrilu, kun ga bakin ruwa. Fari fat da cikin kifi, manya da ƙanana, waɗanda suka girmi jikokina da waɗanda ba su kai yatsa ba. Kwaɗi ma ba su yi kuka ba bana. Wari ya hana mu buɗe taga kwana tara. Wa ya zo da tarakta da tirela ya kwashe? Orval. Babu wanda ya aike shi. Yana cikin lodi da shebur, ni kuma na tsaya a kan matakalata, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, “Ku duba, wanda ya yi kisan ne ya zo jana'iza!” Kuka yi dariya. Ni na laƙaba masa suna Mai Turare, har yara suka riƙa toshe hanci in motarsa ta wuce. Lorna ta bar zuwa coci tun ranar. Shi kuwa a ranar sai ya ɗaga mini hula, ya ci gaba da lodi.

Maganar ta biyu, gwangwanin nan. Matan bakin ruwa, ku dube shi da kyau, kun san shi. Yis ne, na burodi. Ranar da na tare, surukata ta ja ni banɗaki ta ce, “Arlys, ɗaya ga kowane wata ki zuba cokali uku a nan ki kora da ruwa. Yis zai cinye duk abin da ke cikin ramin masai, ba ke ba kiran motar yashe masai har abada.” Na riƙe wannan kamar aya. Reino ya gina mana sabon rami shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, kuma tun daga ranar motar nan ba ta taɓa tsayawa a ƙofata ba. Na yi alfahari da haka. Duk amaryar da ta tare a bakin ruwan nan, sai na kai mata burodi da ƙullin yis, in raɗa mata sirrin. Na ƙirga ku a daren da... a'a, da rana tsaka na ƙirga, ina zaune a kicin: gida ashirin da uku.

Kuma akwai abin da ban taɓa raɗa wa kowa ba. Wata shekara ruwa ya yi yawa, ramin ya fara dawo mana da kayanmu cikin gida. Reino ya haƙa ya binne bututu daga ramin zuwa cikin duwatsun bakin tafki. Ya ce na wata biyu ne, kafin ƙasa ta sha iska. Ni na kai masa abincin rana yana haƙar. Na ga bututun da idona. Shekara talatin ke nan. Ba zan ɗora wa mamaci ba, ba ya nan balle ya kare kansa. Shi ya binne, ni kuma na zaɓi in manta. A kan wurin na shuka tumatirin nan da nake cin kyauta da shi kowace kaka. Kuna tambayata sirrin, ina cewa hannu ne. To, ba hannu ba ne. Wanda ya ci, ya yi haƙuri.

A watan Yuli Pakou ta zo gwada ruwa. Na tare ta a hanya na ce, “Yarinya, kada ki wahalar da kanki, ga gonar Mai Turare can.” Ta ce, “Kaka, daga can nake. Ya katange shanunsa nesa da rafi, ya bar ciyawa a tsakani. Ruwan rafinsa ya fi na gaban gidajenku iska.” Na ce, “Iska a cikin ruwa? A wace makaranta aka cuce ki?” Ta yi dariya, ta zauna, ta yi mini bayani yadda mai aji takwas za ta gane, ni ma haka zan ba ku.

Ta ce a cikin ruwa akwai iskar da kifi ke shaƙa, oksijin, kuma ba ta da yawa. In ƙazantar masai ta shiga tafki, wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani sai su taru su ci, kuma suna ci suna shaƙar iskar nan. Abin da ya rage ya zama taki, gansakuka ta yi ta tofowa har ruwa ya koma kamar miya. Sanyi ya zo ta mutu, ta nutse, ta ruɓe, ƙwayoyin nan su sake samun biki. Sannan ƙanƙara ta rufe sama kamar murfin tukunya, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ta ta tare rana, sabuwar iska ba ta shiga. Kifi na ƙasa, ana cinye masa numfashi kaɗan-kaɗan. Na ce, “Yis fa?” Ta ce, “Kaka, yis burodi yake tayarwa. Abin da ya kwanta a ƙasan rami, sai mota.”

Ni da taurin kai na ce, “Zo ki fara da gidana, ki ga ramin da ya fi na kowa.” Ta zuba wani rini a banɗakina ta kora da ruwa. Muka zauna a baranda, ni da ita da Verna, na kawo kofi. Ina cikin ba su labarin yadda Orval ke wanka sau biyu a shekara, sai Verna ta ajiye kofinta ta ce, “Arlys, tafkinki ya sa sabuwar riga.” Na waiwaya. Kore shar, yana fitowa daga cikin duwatsu, yana yaɗuwa daidai inda jikokina ke iyo, daidai inda na koya wa rabinku iyo. Ban gama kofi na biyu ba.

Yanzu ga wadda ta fi nauyi. Rahoton Pakou bai ambaci sunan kowa ba, “gidajen bakin ruwa” kawai ya ce, kowa kuma ya ɗauka gidan maƙwabci ake nufi. Na roƙi Verna ta yi shiru. Na sa aka toshe bututun a ɓoye. Wata biyu cur na bar takardar nan tana yawo da sunana a kai, na bar yara suna toshe hanci, na bar kujerar Lorna babu kowa. Binne bututu kuskure ne. Yis jahilci ne. Amma shirun wata biyun nan, da sanina na yi shi, da hankalina, ina tsohuwa mai jikoki goma sha ɗaya.

Shekaranjiya na kasa jurewa. Na tafi gonar Orval, na same shi yana gyaran shinge. Na ce, “Orval, na zo ba ka haƙuri.” Bai ajiye guduma ba. Ya ce, “Ina kek ɗin? Na ji kowane gida kin kai, ban da nawa.” Na faɗa masa komai, har bututun. Ya ce, “Iya Arlys, ni fatata ta yi kauri. Amma a kan matakala kika faɗa, gari yana ji. Ki je ki janye inda gari zai ji.” Lorna na tsaye a bakin ƙofa, ba ta ce mini shigo ba. Ta yi daidai.

To, ga ni. Orval, ba kai ba ne. Lorna, ba mijinki ba ne. Bakin da ya ɓata muku suna, shi ne yau yake cewa ƙarya ya yi, kuma ban ce ku yafe yau ba.

Maganar ta uku gajeriya ce, roƙo ne. Darlene, miƙo mini takardar nan da alƙalaminki. Kun gani? Na soke sunana. Ina roƙonku, don girman Allah da girman ruwan da ya raine mu, kada ku kori shanun bawan Allah a kan laifin banɗakunanmu. Ina roƙonku, in ƙuri'a za a kaɗa, a kaɗa ta a kan a gwada ramin kowane gida, a kira motar nan, a gyara abin da ya lalace kafin ƙanƙara ta sake rufewa, don Pakou ta ce akwai sauran ƙananan kifaye a bakin rafin Orval, can suka fake suka tsira. Ku ji fa, a bakin rafinsa.

Kuma ina roƙon duk wadda na taɓa kai wa ƙullin yis ta ɗaga hannu, kada ku bar tsohuwa tsaye ita kaɗai. Verna, na gode. Uku, huɗu. Can baya, bakwai. Darlene, ke kuma me kike nema a ƙarƙashin tebur? A bikinki ƙulli biyu na ba ki. Yauwa, ɗaga shi sama, Shugaba. Alƙalamin yana nan, ku zo ɗaya bayan ɗaya.

Allah Ya ba mu kunyar da ke gyara, ba wadda ke sa ɓuya ba. Allah Ya mayar wa tafkin nan numfashinsa, Ya mayar wa gidan Sundby mutuncinsa, Ya nuna wa jikokinmu ranar da za su ji kukan kwaɗi har ya ishe su. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Na gode da kuka saurare ni fiye da yadda na cancanta.

Saura kacici-kacicin. Ramin masan gidana ne. Yana nan taku goma sha biyu daga ƙofar kicin, ƙarƙashin tumatir, kuma motar za ta zo ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe.