Makahon da ke Kai Mama Asibiti

Yaya: Alo? Salamu alaikum. Auta, kana ji na?

Lauya: Wa alaikumus salam, Yaya. Ina kwana?

Yaya: Lafiya lau. Ya maiɗakinka? Ya yaran?

Lauya: Kowa lafiya. Ya jikin Mama?

Yaya: Da sauƙi. Ya aiki? Ya gajiyar surutu gaban alƙali?

Lauya: Alhamdulillahi. Yaya, taro zan shiga, in kira ki an jima?

Yaya: Shiga mana, babban lauyan kamfanin motoci! Mu su wa? Ga dai Mama nan zaune bakin ƙofa da jakarta, ta sa takalmi tun safe.

Lauya: Au, yau ne wankin ƙodar? Dogo direba bai zo ya ɗauke ta ba?

Yaya: Bai zo ba.

Lauya: Me? Layin yana yankewa.

Yaya: Na ce BAI ZO BA! Ya aiko ya ce makaho ba ya tuƙa uwar lauya.

Lauya: Wane irin makaho kuma?

Yaya: Ni kake tambaya? Ba kai ka miƙe jiya a kotu, da baƙar rigarka kamar jemage, ka ce idonsa ya mutu, shi ya sa ya kifar da bas ɗin kamfani?

Lauya: Yaya, shi fa ya kai ƙara don sun kore shi. Ni kamfani ya ɗauke ni. Aiki ne.

Yaya: Aiki! Mutumin da kai da bakinka ka ce ba ka yarda kowa ya ja Mama ba sai shi? Ya goya ta a bayansa ya hau da ita bene ranar da kake can kana gyara wuyan riga.

Lauya: Ban ce makaho ba. Cewa na yi akwai shakku a kan ganinsa.

Yaya: Shakku! Kai, Allah ya sawwaƙe. To da shakkun kake miƙa masa uwarka duk mako? Ko dai ƙarya ka yi wa alƙali, ko ka gaji da ita ne. Zaɓi ɗaya.

Lauya: Haba Yaya! Shari'ar nan in na ci ta, za a ba ni duk ƙararrakin kamfanin. Shekaru nake jiran wannan.

Yaya: Shi kuma a ƙwace masa lasisi ya koma tura baro. Madalla da kai.

Lauya: To, yanzu dai a samo tasi. Zan turo...

Yaya: Ta ce ba ta shiga tasi. Lauyan Dogo ne ya zo zai kai ta, ga shi nan yana juya mota.

Lauya: Wa? Lauyan wa? Kada ki bari ta yi magana da shi!

Yaya: Ai sun gama tun ɗazu, har shayi ya sha. Ta ce ita ce fasinjar da ta fi kowa sanin idon Dogo. Za ta je kotu ta ba da shaida.

Lauya: Inna lillahi! Yaya, ni ne fa zan yi mata tambayoyi!

Yaya: Ta sani. Ta ce ka guga rigar da kyau, ba ta taɓa ganin ka kana aiki ba.

Lauya: Ba ta wayar. Don Allah ba ta wayar!

Yaya: Mama, Auta ne... Ta ce ku haɗu gaban alƙali.

Lauya: Yaya? Alo? Alo!