Ɗana Ya Riga Ya Iya Mota

"Baiwar Allah, 'yarki fa yanzu za ta fara koyo! Nawa ɗan takarda kawai ya zo karɓa, ki bari ya wuce."

A ofishin lasisi ne, inda na rako jikata neman takardar koyon tuƙi. Wani mai ƙaton tumbi ke faɗa da matar da ke gabansa a layi. Na gyara zama.

"In ya iya, Malam, me ya kawo shi layin 'yan koyo?"

"Shekaru ne sai bana suka kai! Tun yana sha uku yake jan motata. Ko makon jiya da baya-baya ya shiga lungun bayan asibiti."

"Wannan matsattsen? Bai taɓa komai ba?"

"Wata tsohuwar katanga ya ɗan shafa, da ma saura ƙiris ta faɗi."

"Mai koriyar ƙofa?"

"Ita fa! Kin san gidan?"

"A ciki nake kwana. Tun ranar awakin unguwa ke shigo min har kicin. Ga jami'in nan ya fito, maimaita masa."

Ya fizgi hannun yaron. "Tashi, mun fasa! Keke ma ya ishe ka."

Garam! Ya bugo ƙofa, har agogon bango ya karkace.