Yadda Ganye Ke Cin Haske

A ɗakin jiran wata cibiyar binciken noma, tsohon mai lambu da wata matashiya mai digiri suna jiran sakamako. Gurbin aikin ɗaya ne.

"Baba, tambayar haske ce ta kayar da kai, ko?"

"Ni? Ce musu na yi cikin ƙwayar ganye akwai siririyar fata mai koren sinadari. Haske ya buge ta, ta fasa ruwa, ta tara ƙarfin da shuka ke yin sukari da shi."

"Ikon Allah! A ina ka karanta?"

"Jikata ta koya min, wata uku cur. Ke fa?"

"Rabi na tuna."

Ƙofa ta buɗe. "Mai lambu, shigo ka sa hannu."

Ya miƙe yana gyara hula. "'Yata, ki riƙa zuwa lambu, in yi miki bita."