Sun Sa Kawuna Ya Sha Suga Don Kunya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Habu ne daga Saulawa.

Ranar kasuwar Makarfi da safe na raka Kawu Sale teburin mai shayi. Likita ya gaya masa suga ya fara hawa a jininsa, in bai rage ƙiba ba ciwon zai kama shi. Ya rage tuwo, ya bar mazarƙwaila, yana zuwa gona a ƙafa, har tumbinsa ya sauka.

Abokansa na ganinsa suka fara: "Sale, ina tumbin? An daina ɗora tukunya a gidanka ne?" Ɗaya ya ce, "Mai shayi, zuba masa suga cokali biyar, mu rufa masa asiri." Kawu ya ji kunya, ya shanye.

Ban tanka wa manya ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Su ne fa suka kai babana asibiti ranar da ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa, shi ma yana da irin tumbin nan da suke yabo.

Don Allah likitan shirinku ya ja musu kunne, suna saurare. Isa mai shayi da Malam Tanimu mai rake duk a gabansu aka yi.