Lambar Sirrin Don Candelario

A tashar motar wani ƙauye na jihar Oaxaca, Doña Eulalia na jiran motar birni, sai dattijon da ke gefenta ya leƙa wayarta.

"Saƙon banki ne, baiwar Allah? Danna mana."

"Ba na dannawa. Da ƙafata zan je in tambaye su."

Ya yi dariya. "Tafiyar rabin yini a kan saƙo ɗaya? Ni jiya suka kira ni, wai za a sabunta katin fanshona. Ina zaune a inuwa muka gama."

"Me ka ba su?"

"Sunana da lambar kati kawai. Da suka nemi lambar sirri, na ce ni ba yaron goye ba ne. Lambar ranar haihuwata ce, ko matata ba ta riƙe ta ba."

"Sannu da wayo. Yaya sunan malam?"

"Candelario."

Eulalia ta gyara kwandonta a cinya. "Biyu ga Fabrairu ke nan."

"Wa ya gaya miki?"

"Mahaifiyarka, da ta raɗa maka sunan bikin da aka haife ka a cikinsa. Ranar bikin Candelaria kowane gida alalen masara, wato tamale, ake dafawa, bawan Allah. Su ɓarayin ne ba su da kalanda?"

Dattijon ya dafe aljihun da katin yake.

"Motar nan taki, tana bi ta ƙofar banki?"

"Tana bi. Amma tafiyar rabin yini ce, kada ka wahalar da kanka."