Kular shagona ta koma kududdufi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gajiya, ya muke fama da zafi? Sani tela ne daga Ƙofar Marusa.

Da zafi ya matsa, na sayi kula, irin wadda ake zuba ma ruwa tana huro iska mai sanyi, don in samu in gama ɗinkin Sallah. Ba a jima ba gansakuka ta kama tankin, kore shar, ga yauƙi, ga wari. Matata ta ce, "Baban Ummi, zuba mata humra." Na zuba. Wallahi sai warin ya ƙaru, ya kama kayan mutane da ke rataye.

Jiya wata Hajiya ta zo karɓar leshinta, ta shinshina ta ce, "Malam Sani, cikin kududdufi ka ɗinka mani shi?" Ta kwashe sauran yadinta ta tafi.

Na gaji. Na wanke tankin da sabulu, na shanya a rana, gansakuka ta dawo, ga tari ya kama ni. Don Allah masana, sauya ruwa kullum ya isa, ko akwai maganin zubawa da ba ya cutar da numfashi?

Yanzu dai na kashe kular, ina ta ɗigar da gumi kan keke. Gara gumin, shi bai taɓa korar mani kwastoma ba.