Fim Ya Sa An Duba Bayan Ɗiyata

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rabi, daga wani ƙauye kusa da Karofane, kuma raina a ɓace yake.

Ni da maigidana muna riƙon Hadiza, ɗiyar ƙanena. Ranar yaye aka kawo mini ita, yadda muka saba yi da ɗan fari. Shekararta tara, ba ta san wata uwa ba sai ni.

Kwanan baya wani fim ya zagaye wayoyin mata. Mata da miji ne sunka ɗauki riƙon yarinya, matar tana zane ta da igiyar guga, mijin yana shan fura kamar bai gani ba. Har fim ya ƙare, ba a nuna mai riƙo ɗaya ta kirki ba.

Ranar kasuwar Buza sai ga Zali, matar ƙanena, mahaifiyar Hadiza, wadda ko sunan yarinyar ba ta kamawa don kunyar ɗan fari. Muna tsakar daka Zali ta jawo Hadiza, ta ɗaga mata riga tana duba bayanta. Na ce, "Zali, mi kike nema?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, fim na gani."

Ko tabo ba ta samu ba. Amma tana fita Hadiza ta tambaye ni, "Inna, ni ma 'yar riƙo ce?"

Masu fim, kun kyauta ke nan? Malam, ku ba ni shawara. Kwana uku ke nan yarinyar tana jiran amsata.